Barkonon Kyaftin

A Kwaja, kan tudun da ke kudu da Mubi, babu wanda bai san obarol ɗin Jatau ba. Koren kaya ne irin na masu tuƙa jirgin soja, da zif daga wuya har cibiya, da aljihu har a gwiwa. A gadon bayansa akwai baƙin tabon ƙuna, mai tsini a sama, mai faɗi a ƙasa. Jatau ya ce wutar abokan gaba ce ta lashe shi, ranar da ya leƙo daga ƙofar helikwafta yana nuna wa matuƙi hanya. Duk macen da ta taɓa riƙe dutsen guga ta san siffar wannan tabo, amma matan Kwaja suna da kawaici.

Shekara tara ya yi a barikin sojan sama, ya dawo gida a shekarar da aka yanke Jihar Gongola. Tun daga lokacin, kowace safiya yana kan bencin mai shayi yana tashi sama. Ya tashi a kan Binuwai, ya tashi a kan teku, ya taɓa saukar da jirgi a kan rufin coci bai lotsa kwano ko ɗaya ba. Da farko Kofur ake ce masa. Da labarin ya yi ta girma sai muƙamin ya bi shi, har ya tsaya a Kyaftin.

Matarsa Dibora ce kaɗai ta san gaskiyar duka. Ita ta zauna da shi a bayan bariki shekara taran nan tana dama masa sitaci. Wanki da guga yake yi wa hafsoshi. Jirgin kuwa ya gan shi sau dubu ta cikin waya, amma ko tayarsa bai taɓa shafawa ba.

A kakar 1982, wata Laraba da hantsi, Landiroba ta soja ta hau tudu ta tsaya a ƙofar mai gari, Jauro Sali. Wani saje ya fito, aka ba shi ruwa, jama'a suka taru.

Ya ce, "An kawo wa masu helikwafta sabon tsarin horo. Da can a filin jirgi suke koyo, kan kwalta. Yanzu an ce a'a. Kowane matuƙi da mutanensa sai sun sauka a wurin da ba su taɓa gani ba, cikin duwatsu irin naku, su ɗauki mai rauni, su tashi cikin minti huɗu. Akwai babban ofisa a cikin jirgin da agogo a hannu. In sun ci, a ba su shaida. In sun faɗi, su koma aji."

Jauro ya ce, "To mu mene ne namu?"

"Mutum biyu muke so ranar Litinin ta sama. Ɗaya ya tayar da hayaƙi a filin ƙwallon makaranta, don matuƙi ya ga wurin sauka, ya kuma ga inda iska ta nufa. Ɗaya ya kwanta kamar an harbe shi. Shi za a ɗauka har Yola, a ba shi abinci, a dawo da shi a mota."

Kafin ya rufe baki Jatau ya ratsa taron, ya buga ƙafa, ya ƙame.

"Saje, Allah ya kawo ka gidan sana'a!"

Sajen ya dubi obarol, ya dubi takalmin roba da ke ƙarƙashinsa, ya ce, "Madalla." Ya miƙa masa wata takarda. "Duk ƙa'idojin suna ciki. A karanta, a bi."

Da motar ta tafi, hedimasta ya miƙo hannu ya ce a ba shi ya karanta wa jama'a. Jatau ya ninke takardar huɗu, ya tura ta a aljihun gwiwa, ya ja zif.

"Malam, wannan ta sababbin shiga ce. Mu da muka rubuta irinta ba ma karantawa."

Jauro ya ce, "To hayaƙi naka ne, Kyaftin. Mai raunin fa?"

Jatau ya gyara murya. "Barkama, ranka ya daɗe, shi ma aikin gwani ne. Zan haɗa biyun. In kunna wuta, in ruga in kwanta."

Sai Hammanjoda ya yi magana. Maƙwabcin Jatau ne, makiyayi, siriri kamar sandarsa, kuma shekara shida yana zama a ɗaya gefen bencin mai shayi.

"Haba Kyaftin! Kai da ka gaji da sama? Shekaranjiya ka ce ko kyautar jirgi aka ba ka ba za ka ƙara hawa ba, ƙashin bayanka ya gaji."

"Na faɗa, amma..."

"Ka ce gajimare ma wari yake maka."

Jauro ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, ni ma na ji. Ka bar wa wanda bai taɓa hawa ba. Hammanjoda ba shi da nauyi, ba zai sha musu mai ba."

Da yamma Jatau ya zauna gaban tuwo bai sa hannu ba.

Dibora ta ce, "Baban Miriyamu, zai huce."

"Shekara tara ina goge wandon masu hawa, Dibora. Yau jirgi ya biyo ni har gida, a ce Hammanjoda ne zai hau? Mutumin da ko keke bai iya ba?"

"Kai ka ce ka gaji."

"In na hau sau ɗaya, sau ɗaya tak, duk abin da na faɗa a garin nan ya zama gaskiya."

"Duka?"

"Galibi."

Can sai Jatau ya daki cinya. Su kansu masu jirgin ai jarrabawa ake musu. Don me mai rauni zai hau haka kawai ba shaida? Washegari ya kai wa Jauro maganar: sabon tsari ya shafi kowa, dole Hammanjoda ya yi kwas, ya ci jarrabawa uku. In ya faɗi ko ɗaya, Jatau zai daure ya karɓi wahalar. Jauro ya ga maganar ta yi kama da ta gwamnati, ya yarda.

Jarrabawar farko ta jiri ce, a tsakar gidan Jatau, rabin unguwa na leƙe ta kan danga. Aka kafa taɓarya a ƙasa. Wanda ake jarrabawa zai ɗora goshi a kanta, ya zagaya sau ashirin, sa'an nan ya bi layin toka har bakin rumbu.

Hammanjoda ya tattare riga, ya zagaya, ya miƙe, ya bi layin kamar an ja shi da igiya. Ya dafa rumbu ya ce, "Sai kuma me?"

Jatau ya ce, "Ba haka ake yi ba! Wannan ai zagayen tsofaffi ne. Jirgi ba ya juyi a hankali. Matsa ka gani."

Jatau ya ɗora goshi, ya shiga gudu. A na goma sha biyu taɓarya ta fara tangaɗi. A na ashirin ya ɗago, ya dubi rumbu, ya ga guda uku, ya zaɓi na dama. Na daman ba rumbu ba ne, kwatarniyar geron da Dibora ta jiƙa don kunu ce. Ya shiga da ɗuwawu, ƙafafu a sama.

Daga cikin kwatarniya ya ce, "Wannan ita ce saukar gaggawa. Da gangan na nuna muku."

Wata mata daga bayan danga ta ce, "Dibora, gobe kada ki aiko mana da kunu."

Ta biyu ta ƙara ce. Aka kai Hammanjoda gidan injin niƙa, aka zaunar da shi jikin injin, aka kifa masa bokiti a ka, Jatau yana dukan bokitin da muciya. Ya daka har hannunsa ya gaji, har mai injin ya ce a bar masa kunnensa. Aka ɗage bokiti. Hammanjoda yana tauna goro.

"Ba ka ji komai ba?"

"Kyaftin, shekara shida ina jin labarinka kowace safiya. Wace ƙara ce ta rage?"

Saura ta uku, ta tsayi, kuma a kanta Jatau ya ɗora dukan fatansa. Aka ɗaure gadon igiya ta kusurwa huɗu, aka ratayo igiyoyin ta kan babban reshen tsamiyar kasuwa, ƙarti huɗu suka kama. Abin da Jatau ya manta shi ne, Hammanjoda duk rani a kan gawo yake wuni yana saro wa shanu ganye. Aka ja shi har ya ɓace cikin rassa. Aka jira ihu. Can sai aka jiyo minshari.

Da aka sauko da shi Jatau ya ce, "Ya faɗi! Mai rauni ba ya barci. Nishi yake yi."

Hammanjoda ya yi miƙa. "To ban iya nishin soja ba. Kyaftin, hau ka koya min."

Jama'a suka ce a hau, a hau. Babu hanyar ƙi. Jatau ya kwanta, ya kama gefen gado. Gadon bai wuce tsayin mutum ba ya rufe ido. Da ya kai tsayin ɗaki ya fara kiran sunan Dibora. Da ya kai reshe ya kira uwarsa, wadda ta rasu tun zamanin Turawa.

Hammanjoda ya ce, "Kai, wannan nishi ya yi kyau! Ku ƙara ja, in ji sauran."

"Ku sauke! Ku sauke, 'yan banza!"

Biyu suka ji umarni suka saki, biyu ba su ji ba suka riƙe. Gado ya tuntsure. Allah ya taimaka wani guntun reshe ya kama obarol ta ƙugu, Kyaftin ya tsaya a sama yana lilo kamar ƙwaryar zuma, takalmi ɗaya ya faɗo kan tallar ƙosai. Sai da Dibora ta aro tsani a coci.

Jauro ya ce, "Hammanjoda ya ci uku. A ba shi shaida."

Da hannunsa Jatau ya rubuta shaidar a bayan kwalin sukari. Hammanjoda ya ce, "Useko, na gode, Kyaftin," ya rataya ta a wuya da zare, ya yi ta yawo da ita a kasuwa.

Da kujerar jirgi ta kuɓuce, Jatau ya ƙudura cewa aƙalla hayaƙinsa sai an ba da labarinsa har Yola. Ranar Asabar ya ce za a yi gwaji a filin makaranta. Farin hayaƙi, in ji shi, na masu gasa masara ne. Ya tara busasshiyar ciyawa, ya ɗora tsohuwar taya, ya zuba kananzir rabin kwalba, ya ƙyasta ashana. Hayaƙin kam ya yi kyau. Wutar ce ta ƙi tsayawa inda aka ajiye ta. Ta bi ciyawar filin, ta cinye sandunan gola, ta zarce ta kama zanan makewayin malamai. Hedimasta yana ciki a lokacin. Waɗanda suka ga fitowarsa sun yi alkawari ba za su faɗi yadda ya fito ba, kuma kafin la'asar kowa ya ji.

Hedimasta ya rantse in Jatau ya ƙara taka filin nan da ashana, har gaban alƙali a Mubi za su je.

Jauro ya damu. "Yanzu ina jirgin zai sauka?"

"Barkama, matuƙi ba fili yake bi ba, hayaƙi yake bi. Inda na kunna, nan zai zo. Mu kai shi Dutsen Shanya. Wuta dai ba ta cin dutse."

Dutsen Shanya wani shimfiɗaɗɗen fa ne a gefen gari, faɗinsa ya kai rabin filin ƙwallo. Nan matan Kwaja suke shanya tun kakanni. A wannan mako kuwa dutsen ja wur yake daga wannan gefe zuwa wancan, don barkonon gida ashirin ne a baje a kansa, yajin shekara guda. Mai kula da rabon wuri ita ce Adda Asta, dattijuwa mai gajeren jiki da doguwar murya.

Da Jatau ya je mata da maganar ta ce, "Ba na kwashewa. Saura kwana uku ya gama bushewa. In na tara shi yanzu ya yi funfuna, kai za ka zuba mana yaji a miya?"

"Adda, aikin gwamnati ne."

"Gwamnati ba ta cin barkono?"

Jatau ya yi tunani, sai fuskarsa ta washe. "To kada ki kwashe. A rufe shi da tabarmi. Dama babban baƙo ne zai zo. Wa ya taɓa sauke baƙo irin wannan a kan dutse ba shimfiɗa?"

Wannan magana ta shiga kunnen Jauro sosai, don tun farko abin da ke damunsa ke nan, a ce jirgin gwamnati ya zo Kwaja ba a yi masa shimfiɗa ba. Ya ce kowane gida ya kawo tabarma. A kuma kafa rumfa, a jera benci.

Adda Asta ta ce, "Iskar jirgin fa?"

"Adda, me ya sa ake ce masa mai saukar ungulu? Kin taɓa ganin ungulu ta sauka tabarma ta tashi?"

A gida Dibora ta tare shi. "Baban Miriyamu, ka buɗe takardar nan."

"Na san abin da ke ciki."

"Ka manta ranar da jirgi ya wuce ta kan igiyarmu, muka wuni muna tsintar singiletin hafsoshi a cikin waya?"

"Yi a hankali, mace! Danga tana da kunne. Wancan tashi yake yi. Wannan sauka zai yi."

Dibora ta koma kan tukunyarta. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta ɗauki kwando ta je ta kwashe nata barkonon. Ta ce wa Adda Asta, "Adda, da ke ma kin kwashe."

"Ke da mijinki ne Kyaftin, ke ce mai tsoro? Ko akwai abin da kika sani?"

Dibora ta dubi kwandonta. In ta faɗi dalili, ta tona mijinta. Ta ce, "Ni dai nawa ya bushe."

Litinin da ƙarfe goma Kwaja duka tana bakin Dutsen Shanya, har da mutanen Gude da wasu da suka hawo daga Nassarawo a kan kekuna. Tabarmi sun rufe dutsen kaf, sababbi a tsakiya. Jauro yana cikin rumfa da babbar riga da hular da yake sawa ranar salla. Makaɗa suna gefe. Hammanjoda yana kwance a tabarmarsa, an naɗe masa kai da ƙyalle an yayyafa zoɓo a madadin jini, shaidarsa a ƙirji, yana gwada nishin da ya koya. A bakin dutse wuta tana ci, baƙin hayaƙi yana tashi. A tsakiyar komai Jatau yana tsaye, obarol ya sha sitaci, faifai ɗaya a kowane hannu don ba matuƙi alama. Dibora kuwa tana can kan wani tudu nesa da kowa, da jiƙaƙƙen zane a hannu.

Sai aka ji shi, daf-daf-daf, daga wajen Mubi. Jirgin ya ɓullo ta bayan dutse, ya zagaya filin makaranta sau biyu kamar mai neman wani abu, sa'an nan ya hango hayaƙi ya juyo.

Jatau ya ɗaga faifai. "Zo! Zo nan! Ƙasa-ƙasa! Haka!"

Hular Jauro ce ta fara tafiya. Rumfa ta bi ta, zana da sanduna. Sa'an nan tabarmi suka tashi gaba ɗaya, kamar an kira sunansu, wasu suka yi gabas, wasu suka naɗe makaɗa. Daga ƙarƙashinsu barkonon gida ashirin ya miƙe tsaye. Sama ta yi ja. Abin da bai shiga ido da hanci ba ya zuba cikin wutar Jatau, kuma duk wanda ya taɓa jin barkono ɗaya ya faɗa murhu ya san sauran labarin.

Matuƙin yana ganin tabarmi sun nufo fankarsa ya ja jirginsa sama, ya karkata, ya je ya sauka a wata gonar dawa da aka girbe can ƙasa. Amma aikin ya riga ya gama.

Tari ya kama mutum ɗari biyar lokaci guda. Awaki suna atishawa. Jauro yana neman hula da ido a rufe yana kama kan mutane. Mai rauni kuwa ya yi wuf ya miƙe, ya tsallake benci biyu, ya wuce makaɗa, ya wuce masu kekuna, ƙyallen kansa yana warwarewa a bayansa.

Jatau ne mafi kusa, kuma shi kaɗai ne ya ɗaga fuska sama ido a buɗe, hannu biyu a cike da faifai. Bai ga jirgi ya bar wurin ba, don ba ya ganin komai. Ya ci gaba da kaɗa faifai yana ja da baya yana cewa, "Ƙasa-ƙasa!" har dutsen ya ƙare. Ya faɗa rub da ciki cikin kwari, ƙafa ɗaya ta maƙale a tsaga.

Sojoji biyu suka hawo a guje da gadon ɗaukar majinyaci, fuskokinsu a rufe da gilashin hular ƙarfe. A bayansu wani ofisa mai furfura a gefen kunne, agogo a hannu, hankici a hanci. Sunansa a rubuce a ƙirji: Vandi. Hausarsa ta mutanen tudun Michika ce.

"Ina mai raunin?"

Adda Asta ta nuna gabas tana tari. "Ga shi can. Ya kusa Kamaru."

"Wa ya canza wurin sauka? Wa ya shimfiɗa tabarmi?"

Jama'a suka amsa tare, tsakanin tari da atishawa, "Kyaftin!"

"Wane kyaftin?"

Aka nuna masa kwari. Ofisan ya leƙa. Abin da ya fara gani shi ne gadon baya, da baƙin tabo mai tsini a sama, mai faɗi a ƙasa. Ya sauke hankici daga hanci.

"Wannan ai obarol ɗina ne."

Tari ya ragu.

"Jatau? Jatau mai guga?"

Daga cikin kwari wata ƙaramar murya ta ce, "Yassa."

"Sabon obarol ɗina, ko sau ɗaya ban sa ba! Ina ƙaramin laftana na ba ka ka goge min. Ka ɗora dutsen guga a kai, ka fita kallon jirgi yana tashi. Na ce ka tafi da shi in daina ganinsa. Ashe nan ka kawo shi ya zama kyaftin?"

Wani ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma dariya, ta bi taron har kan masu kekuna. Adda Asta ta share hawaye da gefen zane ta ce, "Ranka ya daɗe, tabon kam mu mata mun daɗe da gane shi. Jirgin ne muka ɗauka ko ya sani."

Ɗaya sojan ya duba ƙafar Jatau, ya ɗaga fatar idonsa. "Oga, wannan na gaske ne. Ƙafa ta gurɗe, ido ya kumbura."

Ofisan ya dubi agogo. "Saura minti biyu. Ku ɗauka."

Suka wanke masa ido, suka naɗe fuskar da bandeji har kunne, suka ɗaure shi a gado. Dibora ta sauko daga tudunta, ta goge masa baki da jiƙaƙƙen zane, ta sa masa takalminsa a ƙirji.

"Baban Miriyamu, ga shi za ka hau."

"Dibora, ki ce su buɗe min ido ɗaya."

"Sun ce sai Yola."

Suka ruga da shi gona. Jirgi ya tashi, ya yi kwana a kan garin, ya nufi kudu.

Wajen ɗaukarsa takardar nan ta faɗo daga aljihun gwiwa. Hedimasta ya tsince ta, ya warware ninkin, ya hau kan bencin da ya rage a tsaye ya karanta da ƙarfi, yana fassarawa. Na ɗaya, a kawar da duk abin da iska za ta iya ɗauka, kamar tabarma, zana da kayan shanya. Na biyu, jama'a su tsaya taku ɗari biyu daga wurin. Na uku, kada a canza wuri. Ya karanta sau biyu, don bai manta Asabar ba.

Bayan kwana huɗu Landiroba ta dawo da Jatau, da sanda, da wasiƙa zuwa ga Jauro. Masu jirgin sun ci jarrabawarsu, har da yabo: sun ƙi sauka a mugun wuri, sun kuma ɗauki majinyaci na gaske cikin minti uku da rabi. An gode wa mutanen Kwaja, an ce ba a taɓa shirya wa matuƙi gwaji mai wuya irin wannan ba.

Jauro ya yanke hukunci: da zarar ƙafa ta warke, Jatau zai ɗauki kwandon Adda Asta ya tsince barkonon nan ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu ya yi yana bin tsagogin dutse da gindin ƙaya, mata suna zaune a inuwa suna nuna masa inda ya tsallake. Bai haɗa ko rabi ba. Dibora ta raba nata gida ashirin.

Ranar da ya koma bencin mai shayi, Hammanjoda ya matsa masa wuri.

"Sannu da sauka, mai guga. Yaya Kwaja take daga sama?"

"Sirrin soja ne."

"Yola fa?"

"Ita ma."

"Jirgin kansa, cikinsa wane launi ne?"

Jatau ya kurɓi shayi. "Duk surutunku dai, a garin nan wa ya taɓa hawa helikwafta in ba ni ba?"

"Gaskiya ne. Ni na ga jirgi ban hau ba, kai ka hau ba ka gan shi ba. In aka haɗa mu, an samu kyaftin ɗaya."

Watanni shida Jatau bai tashi sama a bencin ba. Obarol ya koma ƙasan akwati. Sai damina ta sauka. Bayan ruwa na uku wasu ƙananan tsirrai suka fito a kewayen Dutsen Shanya, a tsagogi, a kwari, a bakin hanya, har kan rufin ciyawar rumbun Jauro. Kafin kaka duk gefen garin ya yi ja. Mata suka yi ta tsinka ba wanda ya shuka, har Adda Asta ta cika buhu biyu. Barkonon Kyaftin ake ce masa, kuma ya fi na gona zafi.

Wata safiya Dibora ta ga mijinta ya buɗe akwati.

"Baban Miriyamu, ina za ka da shi?"

"Wajen mai shayi."

"Ba ka daddara ba?"

Ya ja zif har wuya, ya juya mata baya, tabon yana nan inda yake.

"Dibora, ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah. A duk Jihar Gongola, wa ya fara shuka da jirgin sama?"